ZAUREN IYALI: Sabuwar kyanwa a gurbin wadda ta mutu

  

A cikin wasiƙun da suka iso wannan zaure tun bayan fitowar da ta gabata, akwai wata daga Maraɗi wadda mai ita ta buɗe da neman gafara, wai tana jin nauyin kawo zancen kyanwa a shafin da aka saba tattauna tarbiyyar yara da zaman aure. Ga abin da ta ce a taƙaice. Mahaifiyarta dattijuwa ce, mai gidanta ya rasu da jimawa, tana kuma da wata kyanwa da suka shekara 11 tare. Kyanwar ta mutu a farkon damina. Tun daga ranar Inna ta rage cin abinci, ta rage magana, ta daina fitowa tsakar gida da hantsi kamar yadda ta saba. Da jikoki suka ga haka sai suka samo wata ƴar ƙaramar kyanwa mai launin waccan sak, suka kai mata ɗaki suna murna. Inna ta dube ta sau ɗaya, ta ce a fitar mata da ita. Ita kuwa ƴar kyanwar ta shige bayan buhunan hatsi, har kwana uku ba wanda ya ga ta ci wani abu. Tambayar ƴar'uwar tamu biyu ce: shin wannan baƙin ciki na Inna bai ƙetare iyakar da addini ya gindaya ba, sannan ta wace hanya su biyun za su saba?

Babu abin jin nauyi a nan, ƴar'uwa. Gidan da tsohuwa ta ƙi abinci, wata ƴar halitta kuma take shirin mutuwa da yunwa a bayan buhu, ai zancensa zancen iyali ne.

Bari mu fara da wadda ba ta iya jira. Wannan ɓangaren na riga na aika wa mai wasiƙa amsarsa tun ranar da takardarta ta zo hannuna, ina maimaita shi ne domin amfanin sauran gidaje. Ƴar kyanwa ba ta da ajiyar kitse ko juriyar ƙishirwa irin ta babba. In ta yini ta kwana ba ta ci ba, abin ya riga ya zama na damuwa, balle kwana uku. Farkon abin dubawa shi ne makonninta a duniya. Ƴaƴan kyanwa da idanu a rufe ake haihuwarsu, su buɗe bayan kwana 7 zuwa 10, kuma a lokacin dukansu shuɗin ido gare su, sai wajen mako na 6 ko na 7 launin yake fara juyawa zuwa ruwan ɗorawa ko kore. To, in har idon wannan yana nan shuɗi, galibi an raba ta da uwarta tun lokaci bai yi ba, kuma babban alherin da za a yi mata shi ne a mayar da ita wurin uwar har ta cika mako 8, in da hali ma 12. Madarar shanu ko ta gwangwani da muke gaggawar zuba musu ba ta maye gurbin nonon uwa. Hasali ma zawo take sa wa da yawa daga cikinsu, zawo kuwa shi ne mai saurin gamawa da ƙaramar kyanwa.

Idan ta isa cin abinci, sai a samo dafaffen kifi a zare masa ƙaya, ko tsokar kaza, ko dafaffen ƙwai, ba gishiri ba yaji ba albasa, a kawo shi da ɗan ɗumi don ƙamshinsa ya tashi. A ajiye kusa da maɓoyarta, da ruwa a wani kwano dabam, da tsohon faranti cike da rairayi a can gefe domin bayan gida. Daga nan kowa ya fita, a ja ƙofa. Da yawa sukan fito su ci da dare in gida ya yi tsit. Wadda ta ƙi ci bayan an yi mata haka, ko aka ga tana amai ko ta yi laushi, sai likitan dabbobi, ba jinkiri.

Me ya sa ta ɓuya tun farko? Ba baƙin hali ba ne, ba kuma aljanu ba ne, kamar yadda wasu kan yi saurin cewa musamman in kyanwar baƙa ce. Kyanwar gida, ko mage, ko mussa kamar yadda muke ce mata a wasu sassan ƙasar Hausa, jikar kyanwar daji ce ta Afirka da Gabas ta Tsakiya, wadda har gobe ana samun irinta a dazuzzukanmu. Binciken ƙwayoyin gado da aka buga a 2007 ya tabbatar da wannan nasaba. Ita kuwa kyanwar daji ba a garke take rayuwa ba. Ita kaɗai take farauta a yankin da ta san kowane lungu nasa, tana neman ɓera, ana kuma neman ta, domin akwai dila da manyan tsuntsaye da ba su ƙi su same ta ba. Dabba mai irin wannan rayuwa, amincinta yana ga sanin wuri. Kare in ya ga ubangidansa ya samu gida ko da a tasha ne. Kyanwa sai ta san inda za ta ruga in an tasam mata kafin hankalinta ya kwanta har ta dubi mutum.

Kuma da hanci take sanin wurin. A kumatunta da goshinta da gindin wutsiyarta akwai wasu ƙananan maɓuɓɓugan ƙamshi waɗanda hancinmu ba ya ji. Gogar da take yi wa ƙafar gado da bakin ƙofa da ƙwaurin mai gida, hatimi take bugawa, tana shaida wa kanta cewa nan nata ne. Ku duba halin wadda aka jefa a buhu, kamar yadda muka saba yi wai don kada ta gane hanyar komawa, aka zazzage ta a ɗakin da babu hatiminta ko ɗaya, sai ma na wata babbar kyanwa da ta shekara 11 tana gogar kowane abu a cikinsa. A wurinta ta faɗo ne tsakiyar yankin wata wadda ba ta gani, kuma ba ta san ta mutu ba. Shi ya sa ake so a fara da ɗaki guda, ƙarami, wanda ba a yawan shiga, da kwali ko kwando da za ta shige. Tsumman da ta kwanta a kai kada a yi saurin wanke shi. In ta saba da ɗakin, ita da kanta za ta leƙo tsakar gida, yau taki biyu, gobe biyar.

Wanda zai saba da ita, mutum ɗaya ya fara. Ya shiga a kan lokaci guda kullum da abinci a hannu, ya zauna a ƙasa, ya ɗan ba ta gefensa, ya yi harkar gabansa, ko jan tasbaha ko tsintar wake. Kada ya ƙura mata ido, domin a tsakanin kyanwoyi ƙura ido neman faɗa ne. In idanunsu sun haɗu, ya lumshe nasa a hankali ya sake buɗewa, sannan ya kau da kai. Wannan dabara masu kiwon kyanwa sun daɗe da saninta, sai a 2020 masu bincike na Jami'ar Sasiks da ta Fotsmot a Ingila suka gwada ta, suka tarar kyanwoyi sukan mayar da irin wannan lumshe ido, kuma sun fi kusantar baƙon da ya yi musu shi a kan wanda ya tsaya da fuska a sake. Ranar da ta matso, ya miƙa yatsa ɗaya ta shinshina, ya dakata. In ta goga kumatunta a kai, to, an buga masa hatimi, sai ya sosa mata gefen fuska da ƙarƙashin haɓa. Ciki da wutsiya a bar su tukuna.

Yara su ne matsalar wannan mataki, ba don mugunta ba sai don ɗoki. Suna son kyanwar Lami ce, wadda ba cizo ba yakushi, a ɗauka a goya a sauke. Irin wannan sai a karin magana. A hana su jawo ta daga maɓoya, a hana su bin ta da gudu, a ba su zare mai ɗaure da gashin kaza su riƙa ja a ƙasa daga nesa. Farauta ita ce wasan kyanwa, kuma ƴar da ta ƙi hannu sau da yawa ba ta iya ƙin gashin kaza mai motsi. Sai dai a ɗauke zaren in an gama, don kada ta haɗiye shi.

Tsawon lokacin da za a ɗauka ya danganta da abin da ya faru kafin ta zo. Tsakanin mako na 2 da na 7 na rayuwarta ne kyanwa take koyon ko mutum abin amincewa ne. Wadda aka haifa a ɗakin da ake shafa ta ana yi mata magana, kwanaki kaɗan sun ishe ta. Wadda aka haifa a kango ko bayan rumbu, ba ta ga mutum ba sai mai jifa, tana iya ɗaukar watanni, wata ma iyakarta ta ci a gabanka ta kwanta nesa kaɗan. Don haka kafin a karɓi ƴar kyanwa yana da kyau a tambayi inda aka haife ta da yadda uwarta take da mutane. Wannan ya fi tambayar launi amfani nesa ba kusa ba.

Mu koma ga Inna, wadda lamarinta ya fi nauyi.

Game da tambayar farko, akwai abin da ya faru a gidan Ummu Sulaim a Madina. Anas ɗan Malik, Allah Ya yarda da shi, yana da ƙane ƙarami da ake yi wa alkunya da Abu Umair, yaron kuma yana da wani ɗan tsuntsu da yake wasa da shi. Tsuntsun ya mutu. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya shigo ya tarar da yaron a cikin damuwa, ya tambayi dalili aka gaya masa. Bai ce masa ai tsuntsu ne kawai ba, bai kuma ce a je a kamo masa wani ba. Kiran sa ya yi da alkunyarsa kamar babban mutum, ya tambaye shi labarin tsuntsun cikin raha da lallashi. Asalin hadisin yana cikin Buhari da Muslim, ruwayar Abu Dawuda kuma ta fayyace zancen mutuwar tsuntsun. Ibnu Hajar ya ambata a Fathul Bari cewa malamin nan na Shafi'iyya, Ibnul Ƙas, ya fitar da fa'idoji 60 daga wannan ɗan gajeren labari. Wadda ta shafe mu a yau ita ce mafi sauƙin gani: an ba mai baƙin ciki dama ya yi zancen abin da ya rasa.

Kada a ce ai wannan yaro ne. A Bagadaza an yi wani mawaƙi makaho, Ibnul Allaf, abokin hirar Halifa Mu'utadid, wanda ya rasu wajen shekara ta 318 bayan Hijira. Yana da muzuru mai hawa ɗakunan tattabarun maƙwabta yana cinye ƴaƴan, har suka gaji suka kama shi suka kashe. Dattijon ya yi masa marsiyya mai baiti sittin da ɗoriya, wadda Ibnu Hallikan ya kawo a littafinsa na tarihin manyan mutane, ya kuma yaba ta. Wasu sun ce da muzurun ya fake don ya yi makokin Ibnul Mu'utaz, wanda tsoron hukuma ya hana a yi wa kuka a fili. Ko da haka ne, ai ba a fakewa da abin da jama'a za su ɗauka hauka ne. Ya zaɓi makokin kyanwa ne domin mutanen zamaninsa sun san ana yin sa.

Iyakar da shari'a ta gindaya a nan ita ce dai wadda ta gindaya a kowane rashi. Hawaye da ɓacin zuciya ba laifi ba ne. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufa da furta abin da ke nuna fushi da hukuncin Allah. A cikin wasiƙar ban ga ko ɗaya daga waɗannan ba. Na ga tsohuwa ce ta yi shiru.

Shirun ne ma ya kamata ƴaƴanta su karanta da kyau. A ganina ba kyanwa kaɗai Inna ta rasa ba. Mace ce da ta yi shekaru tana ciyar da gida, yau an ɗauke mata girki, an ɗauke mata daka, jikoki suna lakkol tun safe, kowa yana yi mata hidima ba wanda take yi wa. Rai ɗaya ya rage a gidan wanda in ba ta tashi ba ba zai karya kumallo ba, wanda ke jiran ta a bakin ƙofa bayan sallar asuba, wanda za ta yi wa faɗa ya saurara. Shekara 11 kuwa ba kwana 11 ba ne. Mai yiwuwa kyanwar ta san mai gidan, ta kwanta a gefen buzunsa. In haka ne, da ita aka binne ɗaya daga cikin shaidun wancan zamani. Mai cewa “kyanwa ce fa, Inna” bai yi ƙarya ba, amma bai san me ake yi wa kuka ba.

Kuma shaƙuwar ba daga gefe ɗaya take ba, duk da sunan da kyanwa ta yi na rashin amana. A 2019 Kristin Bitale da abokan aikinta a Jami'ar Jihar Oregon ta Amurka sun yi wa kyanwoyi irin gwajin da ake yi wa jarirai: minti 2 tare da mai ita a ɗakin da ba ta sani ba, minti 2 ita kaɗai, sannan mai ita ya dawo. Kusan kashi 65 cikin 100 sun nuna alamar natsuwa da dawowarsa, suka gaishe shi suka ci gaba da binciken ɗakin hankali kwance, adadin da ya yi kusa da wanda ake samu ga ƴaƴan mutane. Abin da Inna ta ji tsakaninta da kyanwarta ba ita ta ƙaga shi ba.

Jikokin sun yi niyyar alheri, Allah Ya saka musu. Sai dai neman mai kama da waccan shi ne ainihin abin da ya sa Inna ta kau da kai. Launi ya zo daidai, amma tafiyar ba ita ba ce, kukan ba shi ba ne, an kira ta ba ta waiwayo ba. Kowane kallo sai ya tuna wa tsohuwa abin da babu. Da wata ce dabam ƙwarai, da an dube ta a matsayin baƙuwa. Da yake mai kama ce, sai aka dube ta a matsayin jabu. Akwai labarin da ya dace a sani a nan. A watan Disamba na 2001 masana a Jami'ar Texas A&M ta Amurka suka samar da kyanwa ta farko da aka kwafa daga ƙwayar halittar wata, suka sa mata suna CC. Duk da ƙwayoyin gadonsu ɗaya ne, ta asalin mai launi uku ce har da ruwan lemo, kwafin kuwa ta fito fara da ratsin ƙasa-ƙasa ba ɗigon ruwan lemo a jikinta. Ta asalin mai kamewa ce, kwafin mai son wasa da leƙe-leƙe. Abin da ɗakin bincike da dukan kuɗinsa bai iya maimaitawa ba, ba za a same shi a gidan maƙwabta don launi ya yi kama ba.

To, yanzu da ta riga ta shigo, shawarata ita ce a daina kai wa Inna ita. A ce kyanwar gida ce, ko ta ɗaya daga cikin jikoki, wanda zai ɗauki nauyin cinta da rairayinta. Kada a kira ta da sunan waccan, kada a ba ta kwanon waccan. Da yawa daga masu irin wannan rashi sukan ji kamar karɓar sabuwa cin amanar tsohuwa ne, ko da ba su furta ba, kuma matsa musu ƙara musu wannan jin yake yi. Abin da za a nema wurin Inna shi ne iliminta, domin duk gidan ba wanda ya kai ta sanin kyanwa. Jika ya je ya durƙusa ya ce, “Inna, ta ƙi cin kifin, me kike ba waccan tana ƙarama?” Tambaya irin wannan tana buɗe ƙofa biyu: ta ba ta damar zancen wadda ta mutu, ta kuma mayar da ita mai amfani. In ta fara ba da labari, a zauna a saurara, ko da an ji shi sau goma. A shekarar 2019 ɗin dai, Atsuko Saito da abokan aikinta a Japan sun nuna cewa kyanwa tana bambance sunanta daga sauran kalmomi masu tsawo irin nasa, saboda haka sabon suna ba wasa ba ne, za ta koye shi. In an yi sa'a, daga bakin Inna zai fito, watakila ma cikin faɗa, ranar da ƴar kyanwar ta kifar mata da kwanon goro.

A zauren mahaifina ba a rasa kyanwa, kamar zauren malamai da yawa, saboda ɓera ba ya girmama littafi. Akwai wata da ta daɗe ƙwarai, mai kwanciya a kan gafaka, har almajirai sukan ce ta fi su haddar Ishriniya. Bayan mutuwarta Malam bai sa an nemo wata ba. Watanni suka wuce, sai ga wata ramammiya ta fara diro katanga da asuba. Bai kira ta ba, bai kore ta ba, sai dai in ya idar da wuridi yakan ajiye ɗan abin da ya samu a gindin ginshiƙi guda, ya koma kan karatunsa. Ta fi wata guda tana ci tana gudu kafin ranar da muka shigo darasi muka tarar da ita a bakin buzunsa. Har ta tsufa ba ta taɓa hawa gafaka ba, kan katanga ne wurinta, ba ta kuma yarda kowa ya ɗauke ta. In baƙo ya ce ai wannan ba ta kai waccan ba, Malam yakan ce ba a aiko ta don ta kai ba.

Mai yiwuwa ne kuma Inna ta ƙi ta har abada, wannan haƙƙinta ne, ba a tilasta wa zuciya. Amma nauyin kyanwar yana kan waɗanda suka kawo ta. Kowa ya san hadisin matar da aka azabtar saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abincinta ba. In babu mai iya kula da ita a gidan, a mayar da ita inda aka ɗauko ta, ko a nema mata gidan da ake so. Kai ta kasuwa ko bakin masallaci a yar, alhali ba ta iya farauta ba, kisa ne da aka jinkirta. Ga masu ƙyamar ta saboda tsarki kuwa, Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa yadda Abu Ƙatada ya karkata wa kyanwa ƙwaryar alwalarsa ta sha, sannan ya shaida wa surukarsa Kabsha cewa Annabi ya ce ba najasa ba ce. Sai fa in an ga najasar a bakinta ƙuru-ƙuru.

Saura abu ɗaya da wasiƙar ba ta faɗa ba, kuma ya kamata duk mai shirin kawo sabuwa ya tambayi kansa: me ya kashe ta farko? In tsufa ne, shi ke nan. In kuwa farat ɗaya ta kama amai da zawo ta mutu cikin kwana biyu ko uku, akwai wata cutar kyanwoyi mai cin hanji da fararen ƙwayoyin jini, wadda ƙwayarta kan rayu a ƙasa da kwanoni har shekara guda, kuma ƙananan da ba a yi wa rigakafi ba ta fi kashewa. Sabulu kaɗai ba ya kashe ta. A ƙone tsummokaran waccan, a wanke daɓe da kwanoni da jabel mai ƙarfi, awo 1 a cikin awo 30 na ruwa, a bar shi minti 10 kafin a ɗauraye, sannan a yi wa sabuwar rigakafi. In guba ce, a binciki inda aka zuba maganin ɓera, a gidan ko a maƙwabta, domin kyanwa tana iya mutuwa ta cin ɓeran da ya ci guba. Haka fiya-fiya da ake fesawa a ɗaki, da maganin kaska na karnuka, wanda sinadarin famitirin da ke cikin wasunsa kan sa wa kyanwa karkarwa har ta mutu. Wanda ya fi ba ni tausayi shi ne farasitamol, domin masu ƙauna ne ke ba da shi: hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi kamar tamu, ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta. Kuma tuwo da miya kaɗai ba su riƙe kyanwa, jikinta yana buƙatar abin da sai a nama ko kifi ake samu. Wadda ba ta fara kama ɓera ba, dole a nemo mata.

In ta cika wata 3 a kai ta ofishin ma'aikatar kiwo mafi kusa a yi mata allurar haukan kare, domin cutar ba karnuka kaɗai take kamawa ba. Wanda kyanwar da ba a sani ba ta ciza ko ta yakusa har jini ya fito, ya wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, ya wuce asibiti a ranar. Mai juna biyu kuma a ɗauke mata aikin zubar da rairayin, wani ya riƙa yi kullum ya wanke hannu.

Ita ma Inna, in ƙin abincin ya zarce mako biyu, ko barci ya ƙaurace mata, ko aka ga tana ramewa, a kai ta ga likita a gaya masa duk abin da ya faru har da zancen kyanwar, ba tare da jin kunya ba. Damuwa mai tsanani ciwo ce da ake magani, kuma ga tsofaffi takan ɓuya a bayan rashin cin abinci.

Ƴar'uwa, a gaishe mana da Inna, a ce muna yi mata jaje. Sauran wasiƙun da suka shafi kuɗin makaranta za mu duba su a fitowa ta gaba, in Allah Ya kai mu.